Katin wiwi na likita da tuƙin tirela a Amurka: shin suna haɗuwa?

Tambaya: "Assalamu alaikum Likita. Ni direban tirela ne a jihar Ohayo ta Amurka, shekarata tara a wannan aiki. Shekara biyu ke nan ina fama da ciwon baya mai sauka har ƙafar hagu, wani daren ko barci ba na samu. Na sha magunguna iri-iri, sauƙin kaɗan ne. Wani likita a nan ya ce zai rubuta mini takardar da zan karɓi katin sayen tabar wiwi ta magani, tunda dokar jiharmu ta yarda. Niyyata in riƙa amfani da ita da daddare kawai, ko ranakun da nake gida. Idan aka yi mini gwaji a wurin aiki, katin zai kare ni? Idan kuma na bar tirela na koma tuƙa motar ɗaga kaya a sito, hukuncin ɗaya ne?"

Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Allah ya ba ka lafiya, ɗan'uwa, ya kuma ci gaba da tsare hanya. Abin da na fahimta shi ne kana son sanin ko izinin da jiha ta bayar zai hana ka rasa aikinka ranar da aka ga wiwi a jikinka, sannan a ƙarƙashin wannan akwai tambayar da ba ka furta ba amma tana nan, wato ko mutumin da ya sha da daddare yana wayar gari da cikakken hankalin da za a damƙa masa sitiyari. Ni likitan lafiyar ma'aikata ne, kuma wani sashe na aikina shi ne duba sakamakon gwajin ƙwaya na direbobi kafin a miƙa wa kamfanoninsu, saboda haka wannan magana na sha yin ta da mutane irinka, sai dai galibi bayan aikin gama ya gama. Na ji daɗi da ka tambaya tun kafin ka karɓi katin.

Amsar a taƙaice ita ce katin ba zai kare ka ba. Muddin kana riƙe da lasisin CDL, wato lasisin tuƙin manyan motoci, kana jan babbar mota, ba dokar Ohayo ce ke iko da gwajinka ba, dokar gwamnatin tarayya ce, kuma a wurin Ma'aikatar Sufuri ta Amurka, wadda ku direbobi kuke kira DOT, takardar likita ba ta zama uzurin samun wiwi a jikin direba.

Inda dokar ta samo asali

Yana da kyau ka san dalilin tsaurin, domin wanda ya san dalilin doka ya fi saurin gane inda ba za a sassauta masa ba. Ranar 4 ga Janairun 1987, a wani wuri da ake kira Chase a jihar Merilan, direban wasu kawunan jirgin ƙasa na kamfanin Conrail ya wuce fitilun tsayawa ya hau babban layin dogo, sai jirgin fasinja na Amtrak da ke tafe da gudun fiye da mil 100 a awa ya afka musu. Mutum 16 suka rasu. Bincike ya nuna direban da mataimakinsa sun sha wiwi kafin hatsarin. Wannan masifa ce ta tayar da hankalin ƙasar, har a 1989 Kotun Ƙoli ta yarda cewa gwada ma'aikatan jirgin ƙasa bai saɓa wa tsarin mulki ba, sannan a 1991 majalisa ta zartar da dokar da ta wajabta gwajin ƙwaya da giya ga duk masu aikin sufurin da kuskurensu kan jawo asarar rai: matuƙan jirgin sama da makanikansa, direbobin jirgin ƙasa, direbobin manyan motoci da na bas ɗin 'yan makaranta.

Halatta wiwi don magani daga baya ya zo, kuma ta wata ƙofa daban. Kalifoniya ce ta fara a 1996, jihohi suka yi ta bin sahu har suka haura 30, Ohayo ta shiga a 2016, sannan a 2023 masu zaɓenta suka halatta ta ga manya ko ba don magani ba. Duk wannan a matakin jiha ne. A matakin tarayya, dokar 1970 ta jera wiwi a rukuni na ɗaya, rukunin abubuwan da gwamnati ba ta amince suna da amfanin magani ba. Da jihohi suka yawaita, sai DOT ta fitar da sanarwa a 2009 ta ce a fili shawarar likita ba hujja ba ce ga ma'aikacin da ke ƙarƙashinta, kuma ta hana likitoci irina mu wanke sakamako saboda ita. A 2024 Ma'aikatar Shari'a ta gabatar da ƙudurin sauko da wiwi zuwa rukuni na uku, wanda ya fi sassauci, kuma za ka yi ta jin labarin wannan yunƙuri a bakin direbobi a tashoshin shan mai. Shawarata ita ce duk abin da ka ji game da shi, kada ka gina komai a kansa sai ranar da ka ga DOT da kanta ta rubuta cewa ta canza ƙa'idar gwajinta.

Abin da kwalbar fitsari take faɗa, da abin da ba ta faɗa

Ka san ɗakin, tunda ka sha shigarsa: a sa ka cire jaket, ka juye aljihunka, ruwan masai an zuba masa shuɗin launi, famfo a rufe, ka fito da kwalba a duba zafinta cikin minti huɗu, a raba fitsarin gida biyu a gabanka, mililita 30 da 15, a liƙe ka sa hannu. Abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne ba sinadarin da ke bugarwa, wato THC, ake nema a kwalbar ba. Ana neman tarkacen da hanta ta bari ne bayan ta sarrafa shi, kuma wannan tarkacen ba ya bugar da kowa. Gwajin farko yana kamawa idan ya kai nanogiram 50 a kowace mililita, sai a sake tabbatarwa da na'ura mafi ƙarfi a kan nanogiram 15.

THC yana narkewa a kitse ne, saɓanin giya da ke bin ruwan jiki ta fice cikin awoyi. Jiki yana ajiye shi, yana sakinsa kaɗan-kaɗan. Wanda ya taɓa sau ɗaya, yakan ɗauki kamar kwana uku kafin fitsarinsa ya wanke. Wanda yake sha kullum, kamar yadda mai ciwo zai yi, yakan kai wata guda, wani ma ya zarce. To ka auna wannan da hutunka na awa 34 a ƙarshen mako, ko na awa 10 tsakanin tuƙi da tuƙi. Babu yadda za ka tsara shan da zai kuɓutar da kai, alhali doka ta sa kamfanoni su yi gwajin ba-zata da adadinsa ya kai rabin yawan direbobinsu kowace shekara, ban da na ɗaukar aiki, da na bayan hatsari, da wanda ake yi idan shugabanka ya ga alamar da ta ba shi shakku.

Ba zan ɓoye maka ba, ni kaina wannan gwaji yana damuna. Yana nuna cewa mutum ya yi amfani da wiwi a kwanakin baya, amma ba ya nuna ko a buge yake ranar da aka gwada shi. Direban da ya kwankwaɗi giya ranar Asabar zai wuce gwajin Litinin lafiya lau, wanda kuwa ya ci alewar wiwi mako biyu da suka wuce don ya samu barci zai faɗi. Wannan ba adalci ba ne cikakke, kuma masu sukar tsarin suna da gaskiya a nan. A 2023 DOT ta amince da gwajin yawu, wanda ya fi nuna shan kwana-kwanan nan, amma shi ma ba ya auna buguwa. Giya tana da ma'auni: idan direban babbar mota ya kai 0.04 an san a buge yake, domin yawanta a jini yana tafiya daidai da tasirinta a ƙwaƙwalwa. Wiwi ba ta da irin wannan. THC yakan yi sama a jini cikin mintoci bayan an zuƙa, ya sauko da sauri alhali mayen bai saki mutum ba, sannan mai sha kullum za a iya samunsa a jininsa kwanaki bayan ya daina. Jihohi kamar Washinton da Kolorado sun sa nanogiram 5 a jini a dokokin tuƙinsu, Kanada ta sa 2 da 5, amma masana sun yi ittifaƙi cewa waɗannan lambobi ba sa faɗin ainihin halin da direba yake ciki. Rashin wannan ma'auni shi ne tushen matsalar gaba ɗaya. Da a ce akwai abin da za a hura wa direba da safe a tabbatar garau yake, da an daɗe da sasanta maganar. Tunda babu, hukuma ta zaɓi ta kuskure ta wajen tsaurarawa.

Ga yadda abin yake kasancewa a teburina. Sakamako ya zo, sai in kira direban a waya kafin in sanar da kamfani, domin doka ta ba shi damar ya yi bayani. Wani dattijo da na taɓa kira, muryarsa a natse take, ya ce in dakata ya ɗauko katinsa ya karanto mini lambar. Ya karanto ta a hankali, har da ranar da zai ƙare. Ya yi imani ya bi doka, domin likita ya gani, kuɗi ya biya, shago mai lasisi ya shiga, rasit ma yana da shi. Da na gaya masa ba ni da ikon karɓar katin, sai ya yi shiru na ɗan lokaci, sannan ya tambaye ni me ya sa likitan da ya rubuta masa bai gaya masa ba. Shekara 20 da ɗoriya yana tuƙi ba hatsari. Har yau tambayar tasa tana dawo mini, kuma ita ce dalilin da ya sa nake cewa duk likitan da zai rubuta wannan takarda ya fara tambayar majinyaci sana'arsa.

Abin da ke biyo baya yana da nauyi. Nan take ake sauke ka daga mota. Kana da awa 72 ka nemi a gwada kwalba ta biyu a wani ɗakin gwaji, amma idan ka san ka sha, sakamakon ba zai canza ba. Sunanka zai shiga rumbun bayanai na tarayya da ake kira Clearinghouse, wanda aka buɗe a Janairun 2020, kuma kowane kamfani dole ya duba shi kafin ya ɗauki direba, saboda haka zamanin da mutum zai faɗi gwaji a nan ya koma wani kamfani ya wuce. Tun buɗe rumbun, wiwi ce kan gaba a cikin abubuwan da ake kama direbobi da su. Daga Nuwamban 2024 kuma jihohi suna janye darajar CDL daga lasisin duk wanda rumbun ya nuna an dakatar. Hanyar dawowa ita ce ka ga ƙwararren da doka ta amince da shi kan shaye-shaye, ka yi karatun ko jinyar da ya yanka maka, galibi da kuɗinka, ka ci gwajin dawowa wanda ake yi mutum na tsaye yana kallonka, sannan a yi maka gwajin ba-zata aƙalla shida a shekarar farko, kuma ana iya ci gaba har shekara biyar. Bayanin yana zama a rumbun shekara biyar, ko fiye idan ba ka kammala ba. Kamfaninka kuma ba dole ba ne ya jira ka.

Batun "da daddare kawai"

Mu ajiye doka gefe, mu ɗauka babu gwaji. Shin zan ce maka ka sha da daddare ka hau mota da asuba? Ba zan ce ba. Masu bincike a Jami'ar Sidni ta Ostireliya sun tattara nazarce-nazarce 80 a 2021, suka gano cewa raunin da wiwi ke jawowa yana ɗaukar awa uku zuwa goma, gwargwadon yawan abin da aka sha, da hanyar da aka sha, da sabon mai sha. Wadda aka zuƙa tana saurin kamawa tana saurin saki. Wadda aka ci a alewa ko mai tana iya ɗaukar awa ɗaya ko biyu kafin ta fara aiki, hanta kuma tana mayar da ita wani sinadari mai ƙarfi, sai ta daɗe a jiki. Masu ciwon da ke neman barci kuwa ta ci suka fi so, saboda daɗewar tata. Hutunka awa 10 ne, a cikinsa za ka ci abinci, ka yi wanka, ka yi salla, sannan ka sha maganin. Idan aka kira ka ɗaukar lodi ƙarfe huɗu na asuba, lissafin bai fita ba.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne wani tsohon gwaji da aka yi a Jami'ar Stanford. A 1985 an ba matuƙan jirgin sama goma karan wiwi ɗaya kowannensu, aka sa su a na'urar koyon tuƙin jirgi. Bayan awa 24 har yanzu ana ganin tangarɗa a yadda suke saita jirgi kan titin sauka, su kuwa ba su ji komai a jikinsu ba. An maimaita a 1991 da matuƙa tara: bakwai suka nuna rauni bayan awa 24, ɗaya ne kawai ya lura. Mutanen kaɗan ne, kuma wasu nazarce-nazarcen da aka yi daga baya ba su ga raunin washegari sosai ba, dole in faɗi wannan. Amma darasin da na ɗauka bai tsaya ga yawan awoyin ba. Abin da wiwi take taɓawa ya haɗa da ita kanta ƙwaƙwalwar da za ta gaya maka ko ka warware, don haka "ni na san jikina" ba shaida ba ce da za a dogara da ita.

Ka fi ni sanin abin da kake ja. Tirela cike da kaya tana kai fam 80,000, wajen tan 36. A gudun mil 65 a awa, kana cinye kusan mita 29 a kowace daƙiƙa. Jinkirin rabin daƙiƙa kafin ƙafarka ta taka birki ya ƙara maka mita 14, tsawon ƙananan motoci uku a jere. Wiwi ba ta cika sa mutum tuƙin ganganci irin na mashayin giya ba, wasu ma rage gudu suke yi. Inda take cuta shi ne riƙe layi, da raba hankali tsakanin madubi da hanya da allon mota, da saurin amsa abin da ya faɗo ba zato, kamar ƙaramar mota da ta yanko gabanka a mahaɗar hanya cikin dusar ƙanƙara. Babban rahoton da cibiyoyin kimiyya na ƙasar Amurka suka fitar a 2017 ya samu ƙwaƙƙwarar hujja cewa shan wiwi yana da alaƙa da ƙaruwar hatsarin mota. Wannan rahoton dai shi ne ya ce akwai hujja mai ƙarfi cewa tana rage ciwo mai daɗewa ga manya, da amai na masu shan maganin sankara. Ke nan ban ce ba magani ba ce. Magani ce ga wasu, amma maganin da bai dace da wannan kujera ba, kamar yadda muke hana direba hawa mota da wasu magungunan barci da na ciwo waɗanda halaccinsu ba a jayayya a kansa. Kanada ta halatta wiwi ga manya a Oktoban 2018, amma hukumar sufurinta ta ce matuƙan jirgi da masu ba da hannu ga jirage sai sun yi kwana 28 ba su taɓa ta ba kafin su kama aiki.

Abubuwa biyu da ke jefa direbobi cikin rami ba su sani ba. Na farko man CBD, wani sinadarin shukar wiwi da ba ya bugarwa, wanda ake sayarwa har a gidajen mai tun da dokar noma ta 2018 ta halatta irin shukar da THC ɗinta bai wuce kashi 0.3 cikin ɗari ba. Abin da aka rubuta a kwalba ba kullum yake zama gaskiya ba: wani nazari na 2017 ya gwada kayan CBD 84 da aka saya a intanet, aka samu THC a 18. DOT ta yi gargaɗi a 2020 cewa "CBD na sha" ba uzuri ba ne. Na biyu ɗaukar wiwi a cikin mota. Wannan haramun ne ga direban babbar mota a ko'ina, kuma da zarar ka tsallaka daga Ohayo ka shiga Indiyana ka shiga jihar da ba ta san katinka ba.

Idan ka koma sito

A nan amsar ta ɗan sauya, amma ba sosai ba. Mai tuƙa motar ɗaga kaya a sito ba ya ƙarƙashin gwajin DOT, dokar jiha da ƙa'idar kamfani ne ke aiki, jihohi kuwa sun sha bamban. A Kolorado wani mutum mai suna Brandon Coats, wanda jikinsa ya shanye yana kan keken guragu, aikinsa amsa wayar abokan ciniki ne kawai, an kore shi a 2010 saboda wiwin magani da yake sha a gida, kuma a 2015 Kotun Ƙolin jihar ta ce korar tana kan doka, tunda tarayya ba ta halatta ba. A Masacusets kuwa, a 2017, kotu ta ba Christina Barbuto mai ciwon hanji damar ƙarar kamfanin da ya sallame ta, ta ce wajibi ne a zauna da ma'aikaci a duba ko za a iya yi masa sauƙi, amma ko a can kotun ta bar wa kamfani ƙofar ya ƙi idan ya nuna akwai hatsari ga rayuka. Kalifoniya ta hana hukunta ma'aikaci saboda tarkacen fitsari daga farkon 2024, sai dai ta cire masu aikin gini da waɗanda dokar tarayya ta shafa. Ka lura, har jihohin da suka fi sassauci suna ware ayyuka masu hatsari.

Ohayo tana cikin masu ba kamfani ƙarfi. Dokarta ta 2016 ta faɗa a sarari cewa ba a tilasta wa mai ɗaukar aiki ya lamunci wiwin magani ba, yana iya ƙin ɗauka, yana iya kora. Motar ɗaga kaya kuwa kusan kowane sito yana lissafa ta cikin ayyuka masu hatsari, kuma da gaskiyarsu, domin tana yawo da tan ɗaya ko biyu a sama a tsakanin mutane masu tafiya a ƙasa. Idan aka yi hatsari aka gwada ka aka samu wiwi, har diyyar rauninka tana iya shiga matsala. Idan da gaske ka yanke cewa wiwi ce maganinka, aikin da za ka nema shi ne wanda babu inji ko sitiyari a hannunka, kamar ofishin tsara lodi da tura direbobi, inda shekarunka tara a hanya jari ne, kuma ko a nan ka karanta ƙa'idar kamfanin a rubuce tukuna.

Akwai wani abu da ya shafi mutanenmu musamman. Idan ba ka riga ka zama ɗan ƙasa ba, ko da kana da katin zama na dindindin, hukumar shige da fice ta fitar da bayani a Afrilun 2019 cewa mu'amala da wiwi, ko da jiha ta halatta, tana iya hana a shaidi mutum da kyakkyawan halin da ake buƙata wajen ba da takardar zama ɗan ƙasa. Katin kuwa rajista ce da sunanka. Ni ba lauya ba ne, a wannan gaɓa da ta dokar aiki ka nemi lauyan da ya san fannin kafin ka sa hannu a komai. Hukuncin addini a kan yin magani da abin da ke gusar da hankali shi ma na malamai ne, su za ka tuntuɓa.

Ciwon bayan shi kansa

Wannan ne ya kawo ka, kuma ba na so ka tashi daga nan da "a'a" kaɗai. Ban duba ka ba, amma ciwon da ke tashi daga baya ya bi ƙafa ɗaya yawanci alama ce ta jijiyar da wani abu ya danne, sau da yawa faifan da ke tsakanin ƙasusuwan baya ne ya turo. Zaman awa 11 a kujera mai girgiza, da tsalle daga kan mota, da jan ƙofar tirela, duk suna ƙara shi. Shekara biyu ya isa a ɗauki hoton MRI idan ba a ɗauka ba, ka kuma ga likitan baya. Idan an ga inda jijiyar ta matse, akwai gashin ƙashi na tsari wanda ake bi makonni ba fashi, akwai allurar da ake yi a gefen jijiyar, akwai kuma ƙaramar tiyata da ke cire abin da ya danne ta, wadda ta fi yin amfani ga ciwon ƙafa, kuma na ga direbobi da dama sun koma mota bayanta. Idan ka ji ƙafar ta fara rauni har tana jan ƙasa, ko tsakanin cinyoyinka ya mutu, ko fitsari da bayan gida sun fara kufce maka ko sun ƙi fita, wannan na gaggawa ne, asibiti za ka nufa a ranar.

Ka gaya wa duk likitan da zai rubuta maka magani cewa kai direban babbar mota ne. Magungunan sassauta tsoka da irin su gabapentin suna sa gyangyaɗi. Masu ƙarfi irin oxycodone da hydrocodone suna cikin abin da DOT ke gwadawa tun 2018, kuma ko da takardar likita ta wanke sakamakon, ina iya sanar da kamfani cewa akwai damuwa game da tuƙi. Haka abin yake ga dronabinol, wanda THC ne na kamfanin magani da hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka, FDA, ta amince da shi tun 1985, kuma ba don ciwon baya aka yi shi ba. Tiramol da wasu ke sa a kawo musu daga gida, ka nisance shi, yana sa barci yana kuma iya jawo farfaɗiya. Rashin barcin ma a bincika shi daban, domin toshewar numfashi a barci ta yi yawa a tsakanin direbobi, kuma tana da magani. Idan jinyar tana buƙatar hutu, dokar tarayya ta ba ma'aikacin da ya shekara a kamfani mai mutum 50 ko fiye damar hutun jinya har mako 12, ba albashi amma aikinsa na jiransa, idan kuma a bakin aiki ka ji ciwon, ka bincika haƙƙinka na diyya.

Idan kuwa ka riga ka fara sha kafin ka rubuto, ka daina, kuma kada ka hau mota. Kada ka sayi ruwan wanke jiki ko fitsarin roba da ake tallatawa, ɗakunan gwaji suna auna kaurin fitsari da sinadaransa, kuma wanda aka kama da algus ko ya ƙi bayar da fitsari hukuncinsa daidai yake da na wanda ya faɗi. Ka duba littafin ƙa'idar kamfaninku ko suna da tsarin da direba ke kai kansa ya nemi taimako. Dokar tarayya ta yarda da irin wannan tsari, da sharaɗin ka yi magana kafin ka kama aiki, kuma kafin a kira sunanka zuwa gwaji.